Cinikin Da Ya Haifi Majalisa Biyu: Abin Da Ya Faru A Filadelfiya A 1787

Kamar kullum, ga rubutaccen shirinmu na wannan makon, saboda waɗanda data ba ta bari sun saurara ba, da kuma waɗanda suka fi son karatu. A gyara zama, yau tafiyar da ɗan nisa.

Duk lokacin da aka taso da maganar albashi da alawus na 'yan majalisa a Najeriya, sai ka ji wani ya ce, wai ma mene ne amfanin majalisa biyu? Ga sanatoci 109, ga 'yan majalisar wakilai 360, aiki kusan iri ɗaya, kashe kuɗi ninki biyu, a soke ɗaya mana a huta. Tambaya ce mai kyau, kuma akwai waɗanda suka aikata hakan. Senegal ta soke majalisar dattawanta a 2012, zamanin Macky Sall, aka ce za a karkatar da kuɗin wajen taimakon waɗanda ambaliya ta shafa. Ghana kuwa da majalisa ɗaya take aikinta.

To amma kafin mu ce a soke ko a bari, ya kamata mu san inda abin ya samo asali. Salon da muke bi yau, wato majalisa ɗaya a raba kujerunta bisa yawan jama'a, ɗayar kuma kowace jiha ta samu daidai da 'yar'uwarta, daga Amurka aka aro shi. Su kuma Amurkawan ciniki suka yi kafin su same shi, irin cinikin kara, da tayi da albarka da tashi a fusace a sake dawowa. Labarin wannan cinikin za mu bayar yau, da kuma labarin waɗanda aka biya kuɗin cinikin da su.

ƘASAR DA BA TA DA ALJIHU

A 1783 aka kammala yaƙin neman 'yanci tsakanin Ingila da jihohi 13 da suka zama Amurka. Amma kada ka ɗauka ƙasa ɗaya ce dunƙulalliya a lokacin. Kowace jiha tana ganin kanta ƙasa ce mai cin gashin kanta. Abin da ya haɗa su majalisa ce guda ɗaya tal, inda kowace jiha ke da ƙuri'a ɗaya, babba ko ƙarama. Babu shugaban ƙasa mai ikon zartarwa. Majalisar kuma ba ta da ikon karɓar haraji, sai dai ta roƙi jihohi su turo kuɗi, su kuwa in sun ga dama su turo, in ba su ga dama ba su yi kunnen uwar shegu. Babban al'amari sai jihohi 9 sun yarda, gyaran yarjejeniyar kanta kuwa sai duka 13 sun amince.

Ka san gidan da babu mai cefane. Bashin yaƙi ya yi katutu, tsofaffin sojoji na bin haƙƙinsu, jihohi na ɗora wa kayan junansu haraji. A 1786 manoman jihar Massachusetts da bashi ya yi wa yawa, ana ƙwace musu gonaki, suka ɗauki makamai suka riƙa rufe kotuna. Ɗaya daga cikin jagororinsu wani tsohon soja ne mai suna Daniel Shays. Gwamnatin tarayya ba ta da kuɗin tura soja, sai da attajiran Boston suka yi karo-karo aka haɗa dakarun da suka murƙushe boren. Wannan ya tsorata manya ƙwarai. In gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, ai sai ka shafa wa naka ruwa.

Shi ne aka kira taro a birnin Filadelfiya. An fara zama ranar 25 ga Mayu, 1787. Wakilai 55 ne suka halarta daga jihohi 12, domin jihar Rhode Island ta ce ba da ita ba. Aka zaɓi George Washington ya shugabanci zaman. Suka kafa dokar sirri, babu mai fitar da abin da aka tattauna, har tagogi ake rufewa duk da zafin da ake yi. Mafi yawan abin da muka sani yau daga rubutun James Madison ne, ɗan shekara 36 a lokacin, wanda yake zama a gaba-gaba yana rubuta abin da kowa ya faɗa. Ba a buga rubutun ba sai 1840, bayan mutuwarsa.

MANYA SUN YI TAYI

Aikin da aka ba su shi ne su gyara tsohuwar yarjejeniya. Amma kwana huɗu da fara zama, ranar 29 ga Mayu, gwamnan jihar Birjiniya, Edmund Randolph, ya miƙe ya gabatar da wani tsari sabo fil, wanda galibinsa tunanin Madison ne. Gwamnatin tarayya mai ƙarfi, mai ɓangarori uku, da majalisa biyu.

Nan fa a lura da wani abu. Maganar majalisa biyu ita kanta ba ta tayar da ƙura sosai ba, domin sun saba da ita. Ingila na da majalisar masu sarauta da ta wakilan jama'a, kuma yawancin jihohinsu ma majalisa bibbiyu gare su. Abin da ya tayar da ƙura shi ne rabon kujeru. Tsarin Birjiniya ya ce duka majalisun biyu a raba kujerunsu gwargwadon yawan jama'a ko gudummawar kuɗi.

Yanzu ka duba lissafin. A ƙidayar da aka yi a 1790, Birjiniya na da mutum fiye da 700,000. Jihar Delaware kuwa ba ta kai 60,000 ba. Madison yana cewa, wace irin adalci ce mutum ɗaya a Delaware ya yi nauyin mutum goma sha wani abu a Birjiniya? Mutane ake wakilta, ba layin da aka ja a taswira ba. Ƙananan jihohi kuma suna cewa, in aka bi wannan, Birjiniya da Pensilbaniya da Massachusetts kaɗai in suka haɗa baki sun kusa gama komai, mu kuma mu koma zaman kashin dankali, manya a sama ƙanana a danne. Wakilan Delaware ma da takarda suka zo daga gida, wadda ta hana su amincewa da duk abin da zai taɓa ƙuri'a ɗaya ga kowace jiha.

Ranar 15 ga Yuni, William Paterson na jihar New Jersey ya kawo nasu tsarin: a bar majalisa ɗaya, kowace jiha ƙuri'a ɗaya, a dai ƙara mata ikon haraji da na kula da kasuwanci. Kwana huɗu bayan nan aka kayar da shi. Manya suka ɗauka an wuce wurin. Ashe tsugune ba ta ƙare ba.

MAKONNIN DA TARON YA KUSA WATSEWA

Ƙarshen watan Yuni abin ya yi zafi har Benjamin Franklin, dattijon taron mai shekara 81, ya ba da shawarar a riƙa buɗe zama da addu'a, tunda dabararsu ta ƙare. Ko wannan ma ba a cimma matsaya a kai ba. Ranar 30 ga Yuni wani wakilin Delaware, Gunning Bedford, ya miƙe ya kalli wakilan manyan jihohi ya gaya musu ɓaro-ɓaro cewa bai yarda da su ba, kuma in suka kuskura suka rusa tarayyar, ƙananan jihohi za su samu wata ƙasar waje da za ta riƙe hannunsu. Ka ji fa. Mutanen da shekara huɗu kacal da suka rabu da Ingila, ga wani yana barazanar gayyato baƙo cikin gida.

Alhali mafita tana kan tebur tun 11 ga Yuni. Roger Sherman na jihar Connecticut, dattijon da ya fara rayuwa da sana'ar ɗinkin takalma, shi ya ce a raba gardama: majalisar wakilai a bi yawan jama'a, majalisar dattawa kuma kowace jiha ta zo daidai da kowa. A ranar an kayar da shi da ƙuri'a 6 da 5. Lokacin manya na ganin suna da rinjaye, to me zai sa su rage farashi? Abokin tafiyarsa Oliver Ellsworth ya sake dawo da maganar a ƙarshen wata.

Ranar 2 ga Yuli aka kaɗa ƙuri'a. Jihohi biyar suka ce e, biyar suka ce a'a, saura Jojiya. Jojiya tana tare da manya, domin tana sa ran jama'arta za su yawaita nan gaba. Wakilanta biyu ne a zauren. Ɗaya ya ce a'a. Ɗayan, Abraham Baldwin, wanda haifaffen Connecticut ne, ya ce e. Ƙuri'ar Jojiya ta rabu biyu, ta tashi a tutar babu, aka yi kunnen doki. Da Baldwin ya bi ɗan'uwansa, da manya sun yi nasara, kuma abu ne mai yiwuwa ƙananan jihohi su tattara takardunsu su tafi gida.

Kunnen dokin nan shi ya tilasta aka kafa kwamiti, mutum ɗaya daga kowace jiha, ƙarƙashin Elbridge Gerry. Kuma da aka zo zaɓen 'yan kwamitin, ba a sa masu tsattsauran ra'ayin manyan jihohi irin su Madison ba. Daga Pensilbaniya Franklin aka ɗauka, mutumin da ya san yadda ake sasanta mutane. Kwamitin ya dawo da tayin Sherman, da ɗan ƙari don lallashin manya: duk ƙudurin da ya shafi tara kuɗin shiga, daga majalisar wakilai zai fara, inda suke da yawa.

Ranar 16 ga Yuli aka yi ta ta ƙare. Connecticut, New Jersey, Delaware, Maryland da Karolina ta Arewa suka amince. Pensilbaniya, Birjiniya, Karolina ta Kudu da Jojiya suka ƙi. Massachusetts ta rabu biyu. Biyar da huɗu. New York ba ta da ƙuri'a domin biyu daga wakilanta uku sun yi fushi sun tafi, wakilan New Hampshire kuma ba su ma iso ba tukuna. Da ratar ƙuri'a ɗaya aka haifi majalisar dattawan Amurka a yadda take har yau.

Washegari da safe wakilan manyan jihohi suka haɗu su ga ko za su yi turjiya. Suka kasa haɗa baki. Madison bai so ba ko kaɗan, amma bai fita ba. Ya zauna aka ƙarasa aikin, daga baya ma ya zama cikin manyan masu tallata kundin a jaridu. Ga shi yau ana kiransa uban kundin tsarin mulkin Amurka, alhali a babbar gardamar taron shi aka kayar. Su kuma ƙananan jihohi, da hankalinsu ya kwanta, sai suka daina tsoron gwamnatin tarayya mai ƙarfi. Delaware ce ma ta fara amincewa da kundin, ranar 7 ga Disamba, 1787.

Sun kuma sa wa ribarsu kwaɗo. An rubuta a kundin cewa ko gyara za a yi, ba za a rage wa wata jiha daidaiton ƙuri'arta a majalisar dattawa ba sai da yardarta. Shi ya sa yau jihar Wyoming mai mutum ƙasa da 600,000 take da sanata biyu, Kalifoniya mai kusan miliyan 39 ita ma biyu.

WA YA BIYA KUƊIN?

To jama'a, da a nan labarin ya tsaya, da sai mu tafa mu ce an yi maslaha. Amma akwai ɗaya rabin, kuma shi ne mai ɗaci.

Tunda an ce majalisar wakilai za ta bi yawan jama'a, sai tambaya ta taso: su wa za a ƙirga? A lokacin akwai bayi baƙar fata kusan 700,000 a Amurka, mafi yawansu a jihohin Kudu. A Birjiniya kaɗai sun kusa 300,000. Masu bayi suka ce a ƙirga su duka, don kujerunsu su ƙaru. 'Yan Arewa suka ce, ku da kuke cewa dukiyarku ce kamar dawaki, ta yaya kuma za su zama mutane ranar rabon kujera? Aka tsaya a tsakiya: kowane bawa biyar a lissafa su a matsayin mutum uku.

A fahimci abin da kyau. Bawan ba shi da ƙuri'a, ba shi da 'yanci, ko 'ya'yansa ba nasa ba ne. Amma an ƙirga shi don ubangidansa ya samu ƙarin murya a majalisar da za ta kare bautar. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Madison da kansa ya gaya wa taron cewa ainihin rabuwar kan ƙasar ba tsakanin manya da ƙanana take ba, tsakanin jihohi masu bayi ne da marasa bayi. Shi kansa yana da bayi, haka Washington, haka kusan rabin mutanen da ke zauren.

Ba a tsaya nan ba. Wakilan Karolina ta Kudu da Jojiya suka ce in aka hana shigo da bayi daga Afirka, ba su ba tarayya. Aka sallama musu: majalisa ba za ta iya hana fataucin ba kafin 1808. Aka ƙara da cewa bawan da ya gudu zuwa jihar da babu bauta, dole a mayar da shi. Kuma duk wannan an rubuta shi ba tare da an ambaci kalmar bawa ko sau ɗaya a kundin ba, sai kewaye-kewaye.

Shekara 20 ɗin nan da aka ba su, ga abin da take nufi a aikace. Daga 1803 zuwa 1807 an sauke 'yan Afirka kusan 40,000 a tashar jirgin ruwan Charleston kaɗai. Cikinsu akwai wani malami daga Futa Toro, a ƙasar Senegal ta yau, mai suna Umar bin Sa'id, wanda ya yi shekaru yana karatun addini kafin a kama shi. An kai shi a 1807, ana dab da rufe ƙofar. A 1831 ya rubuta tarihin rayuwarsa da Larabci, kuma ya rasu yana bawa. Da wakilan Filadelfiya ba su yi wancan rangwamen ba, wataƙila da a garinsu zai tsufa yana karantar da yara.

Majalisar dattawa kuma ta koma katangar masu bayi. Da jama'ar Arewa suka yi yawa suka mamaye majalisar wakilai, sai Kudu ta riƙe daidaito a majalisar dattawa ƙam. A 1820 sai da aka haɗa jihar Missouri mai bayi da jihar Maine marar bayi aka shigar da su kusan tare, don kada sikeli ya karkata. Haka aka yi ta ɗage matsalar har ta fashe a 1861, aka yi yaƙin basasa na shekara huɗu da ya ci rai fiye da 600,000. Ko bayan an soke bauta, majalisar wakilai ta zartar da ƙudurin hukunta masu yi wa baƙar fata kisan taron dangi a 1922, sanatocin Kudu suka toshe shi. Sai 2005 majalisar dattawa ta nemi afuwa a hukumance, dokar kuma sai 2022 ta tabbata. Shekara 100 cif.

IN SHUGABA DA MAJALISA SUKA RABA JAM'IYYA

An rattaba hannu kan kundin ranar 17 ga Satumba, 1787. Mutum 39 suka sa hannu, uku suka ƙi, har da Randolph da ya gabatar da tsarin farko, da Gerry da ya shugabanci kwamitin sulhu.

Kundin bai ambaci jam'iyyu ba, domin babu su a lokacin. Amma ya raba wa'adi: ɗan majalisar wakilai shekara 2, shugaban ƙasa 4, sanata 6, kuma kashi ɗaya cikin uku na sanatoci ne kawai ke fuskantar zaɓe duk bayan shekara biyu. Dabarar ita ce kada guguwar zaɓe guda ta kwashe komai a rana ɗaya. Kamar dai mai shayi ne da ke juya shayi daga wannan kofi zuwa wancan kafin ya miƙa maka, don kada ya ƙona maka baki. Da jam'iyyu suka bayyana, sai tsarin ya haifar da abin da ake kira rababbiyar gwamnati: shugaba daga wata jam'iyya, majalisa ɗaya ko duka biyu a hannun 'yan adawa.

Shin hakan alheri ne? Tarihi ya nuna fuska biyu. A 1983 asusun fanshon tsofaffi na Amurka ya kusa ƙarewa. Shugaba Ronald Reagan ɗan Republican ne, kakakin majalisar wakilai Tip O'Neill ɗan Democrat, ra'ayinsu hannun riga. Suka zauna, wannan ya haƙura aka ƙara haraji, wancan ya haƙura aka ɗaga shekarun ritaya, asusun ya tsira. A 2013 kuwa, da Obama da majalisar wakilai ta 'yan Republican suka ja daga kan dokar inshorar lafiya, ba a zartar da kuɗin gudanar da gwamnati ba, aka rufe ma'aikatu na kwana 16, ma'aikata kusan 800,000 suka zauna a gida. Kundi ɗaya ne fa, dokoki ɗaya. Abin da ya bambanta shi ne ko mutanen da ke kan kujerun suna son a yi ciniki ko ba sa so.

YADDA ABIN YA ISO GIDA

Majalisa biyu ba baƙuwa ba ce a wurinmu. A Jamhuriya ta Farko akwai majalisar dattawa a Legas, a Kaduna kuma Jihar Arewa na da majalisar sarakuna da majalisar dokoki, salon Ingila. Salon Amurka ya shigo ne bayan yaƙin basasa. A Oktoban 1975 Janar Murtala Muhammad ya ƙaddamar da kwamitin mutum 49 ƙarƙashin Rotimi Williams don tsara sabon kundi, kuma tsoron da ke zukatan mutane shi ne irin na Delaware: kada wani yanki ya danne wani. Kundin 1979 ya ba kowace jiha cikin 19 sanata biyar, jimilla 95. Na 1999 ya mayar da su uku-uku, Abuja ɗaya. Shi ya sa Kano ke da 'yan majalisar wakilai 24, Bayelsa 5, amma a majalisar dattawa kowa uku. Tayin Sherman ke nan, ya tsallako teku.

Mu ma mun yi namu zaman mai zafi. A Afrilun 1978, a majalisar tsara kundin, gardama kan kafa kotun ɗaukaka ƙara ta Shari'a a matakin tarayya ta sa gomman wakilai Musulmi suka fice daga zauren. Inda aka tsaya shi ne, jihar da ke so ta kafa tata kotun, a kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya kuma a tanadi alƙalai masana shari'ar Musulunci. Babu ɓangaren da ya samu duk abin da yake so, amma an koma zaure an ƙarasa aikin.

Rababbiyar gwamnati ma mun ɗanɗana. A 1979 jam'iyyar NPN ta Alhaji Shehu Shagari ta samu sanata 36 ne cikin 95, da wakilai 168 cikin 449. Dole ta ƙulla ƙawance da NPP, aka bar mata kujerar kakakin majalisar wakilai da wasu ministoci. Ƙawancen ya watse a 1981, amma ya ba gwamnatin damar tashi da ƙafarta. A Kaduna kuwa ba a yi cinikin ba. Alhaji Balarabe Musa na PRP ne gwamna, majalisar jiha kuma NPN ce ke da babban rinjaye. Ya aika sunayen kwamishinoni, aka yi ta mayar masa. Haka ya yi mulki babu kwamishinoni har aka tsige shi ranar 23 ga Yuni, 1981, gwamna na farko da aka tsige a tarihin Najeriya. Majalisar jiha guda ɗaya ce, babu kofi na biyu da shayin zai huce a ciki. A Amurka, majalisar wakilai ta tuhumi Shugaba Andrew Johnson a 1868, amma a majalisar dattawa ƙuri'a ɗaya ta hana a kai kashi biyu cikin ukun da ake buƙata, ya tsira.

Kuma kafin mu yanke wa majalisar dattawanmu hukunci, a tuna ranar 16 ga Mayu, 2006. A zaurenta ne, ƙarƙashin Ken Nnamani, aka yi watsi da ƙudurin gyaran kundin da ke ɗauke da tazarcen wa'adi na uku, alhali jam'iyyar shugaban ƙasa ce ke da rinjaye a cikinta.

To a soke ko a bari? Ni dai abin da na fahimta daga wannan tarihin shi ne, majalisa ta biyu birki ce. Birki kuwa bai san abin da yake tsayarwa ba. Ya tsayar da tazarce a Abuja, ya kuma tsayar da dokar kare ran baƙar fata a Washington shekara 100. Mai cewa tana cin kuɗi yana da gaskiya, kuma ana iya rage kuɗin ba tare da an rushe zauren ba. Mai son a rushe zauren kuma sai ya fara gaya wa ɗan ƙaramar jiha abin da zai hana a danne shi, domin wannan tsoron ne ya haifi majalisar tun farko, kuma har yau bai mutu ba.

Abu na biyu ya fi damuna. Sulhun Filadelfiya ya yi wa duk wanda ke cikin zauren daɗi daidai gwargwado. Manya sun samu, ƙanana sun samu, masu bayi sun samu. Wanda ya yi asara shi ne wanda ba ya cikin ɗakin. Saboda haka duk ranar da ka ji an ce manya sun zauna sun sasanta kan gyaran kundin tsarin mulki, ko rabon arziki, ko karɓa-karɓa, ka yi murna da zaman lafiyar, amma ka tambaya: su wa aka bari a waje, kuma me aka sayar nasu?

Ku gaya mana ra'ayinku. In kai ne a kujerar Madison ranar 17 ga Yuli, an kayar da kai da ƙuri'a ɗaya kan abin da ka yi imani shi ne adalci, za ka zauna ko za ka fita? In kuma kai ne wakilin da ya tsani bauta, za ka sa hannu?

Nan muka kawo ƙarshen shirin na yau. Wanda ya amfana ya tura wa wani. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu, ku huta lafiya.